"Ba matsala" da na ce a waya

Wasiƙar ta iso ne ranar wata Talata, a mako na 21 na aikin da muka yi alkawarin gamawa cikin mako 16. Shafi ɗaya da rabi ce, da tambarin ofishin lauya a samanta. Na karanta ta a tsaye, na nemi kujera na sake karantawa. Abin da ta ƙunsa shi ne mun karya yarjejeniya, tunda wa'adi ya wuce ba mu miƙa manhaja ba, kuma an ba mu kwana 14 mu gama ko mu maido da abin da muka karɓa.

Dariya na fara yi, irin wadda ta fi kuka ciwo. Mu ne muka karya? Mutanen da tun mako na 7 ba su bar mu mun runtsa ba, yau a ƙara wannan, gobe a cire wancan, jibi a maido da wanda aka cire? A daren na zauna na rubuta amsa mai zafi, shafi uku. Jimlar da na fi ji da ita a ciki ita ce: "Ku kuka fara karya yarjejeniya ranar da kuka canza buƙatun da muka sa wa hannu." Allah ya sa ban tura ba. Abokin aikina ne ya riƙe hannuna, ya ce a kai wa lauya ta gani tukuna.

Bari in koma baya kaɗan. Mu uku ne muke aiki tare: ni da nake rubuta cikin manhaja da rumbun bayanai, shi abokin nawa mai tsara fuskar da mutum ke gani, sai wata abokiyar aikinmu mai gwaji. Wani kamfani mai rarraba kayan gyaran injuna ya ba mu aikin manhajar lura da kayan sito, domin su rabu da manyan littattafai da Excel. Yarjejeniyar shafi 9 ce, an liƙa mata takardar buƙatu mai abu 41. Biya kashi huɗu: 30 cikin 100 kafin alƙalami, 30 bayan nuni na farko, 30 bayan gwaji, sauran 10 bayan wata guda da fara amfani. Ni na rubuta takardar buƙatun da hannuna bayan zama biyu da manajan kamfanin a ofishinsa. Ban taɓa taka ƙafata cikin siton ba kafin in sa hannu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A mako na 7 muka yi nuni na farko. Manaja ya zauna gaban kwamfuta yana dannawa yana gyaɗa kai, har na fara lissafin kashi na biyu a zuciyata. Can sai ya ɗago.

"Malam, ina wurin da zan ga kayan da ke kan hanya?"

"Wace hanya, yallaɓai?"

"Tsakanin sito da sito mana. In an ɗauko daga babba za a kai ƙarami, kafin su isa a ina suke a cikin abin nan?"

Ashe sito uku gare su. Abu na 17 a takardarmu cewa ya yi manhajar za ta rubuta shigar kaya da fitarsu daga sito, kalmar kuma a tilo take. Ni sito ɗaya na gina wa komai. Wanda bai taɓa tsara rumbun bayanai ba zai ɗauka ƙara akwati ɗaya ne a fuska. A ciki kuwa, kowane lissafi da na yi a kan "nawa ya rage" sai ya koma "nawa ya rage, a ina", ga kuma wani hali na uku da ban tanada ba, wato kaya sun bar nan ba su isa can ba. Na san wannan sarai a lokacin da nake zaune gabansa. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ba matsala, yallaɓai, za mu saka."

Daga ranar ƙofa ta buɗe. Mai kula da babban sito ya nuna mana cewa kaya a katan suke shigowa, amma da ɗaiɗai ko da dozin suke fita, kuma kowane ƙarfe lamba biyu gare shi, ta masana'anta da wadda su suka laƙaba masa tun shekaru. Akanta ta ce rahoton wata bai yi mata ba sai an raba shi yadda ta saba gani. Shugaban kamfanin, wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba sai muryarsa a WhatsApp, ya turo saƙon murya na minti huɗu yana so kada kaya masu tsada su fita sai ya amince daga wayarsa. Sannan babbar: ƙaramin sito ba shi da intanet mai tsayawa, don haka suna so manhajar ta yi aiki ko babu intanet, in ya dawo ta haɗa lissafi da kanta. Kowanne ya zo da gabatarwa iri ɗaya, "ɗan ƙaramin gyara ne." Ni kuma amsata ba ta canzawa.

Lauyar da muka je wa ba ta da yawan magana. Ta karanta yarjejeniyar da jan biro a hannu, ta karanta wasiƙarsu, ta karanta amsata mai zafi, ta ajiye ta gefe a kife.

"Nuna min layin da suka karya," ta ce.

Na ce, "Barista, sun canza komai fa. Abu 41 muka yi da su, yanzu ya haura 60."

"Na ji. Sun roƙa, ka ce to. Wane layi ne a nan ya hana su roƙo?"

Na buɗe baki na rufe. Ta ce in mutum ya ba ka aiki, daga baya ya zo ya ce yana son wani abu daban, tayi ya yi maka. Kana da ikon ka ce a'a, yarjejeniyar farko tana nan daram, ka gama abin da aka rubuta a biya ka. Kana da ikon ka ce to, amma ga ƙarin kuɗi ga ƙarin lokaci. Tayi ba ya karya komai. Karya yarjejeniya na faruwa ne idan wani ya ƙi yin abin da ya ɗaukar wa kansa a ciki: mai aiki ya ƙi biya, ko ya ƙi karɓar manhajar da ta cika abin da aka rubuta don kawai babu sabon abin da ya ƙirƙiro daga baya, ko ya ƙi ba da bayanan da ya yi alkawari, ko kuma mai ginawa ya ƙi miƙawa a kan lokaci, ko ya miƙa abin da ba shi aka ce ba.

Daga nan ta juya zuwa shafi na 5 ta ja layi ƙarƙashin sashe na 8. Sashen ya ce duk wani canji ga aikin ba zai yi tasiri ba sai an rubuta shi, ɓangarorin biyu sun sa hannu. Ni na saka shi. Daga wata tsohuwar yarjejeniya na kwafo shi, ina jin daɗin cewa na kare kaina. Yanzu ga shi ya juyo ya nuna ni. Gyara 23 na karɓa a waya da saƙon murya da tsaye a bakin ƙofa, babu ko ɗaya da aka sa wa hannu. Ke nan a takarda wa'adina yana nan mako 16, kuɗina yana nan yadda yake, makonnin da na ƙone a kan sito uku kuma za a iya cewa kyauta na yi don raɗin kaina.

Na ce ai ina da saƙonnin muryarsu. Ta ce suna da amfani, kada in goge ko ɗaya, amma kada in ɗauka sun wadatar. Dokar kwangila ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, sai dai inda ake bin sawun dokar Ingila akwai hukuncin da ya kamata duk mai irin sana'ata ya sani. A 2018 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci a shari'ar Rock Advertising da MWB Business Exchange. Rigimar ma ba ta manhaja ba ce, ta kuɗin zaman ofis ce a Landan: wani ya ce sun sake tsarin biyan bashi da baki a waya, alhali takardarsu ta ce babu canji sai a rubuce da sa hannu. Kotu ta ce sharaɗin rubutun yana nan da ƙarfinsa, maganar waya ba ta canza komai ba. An bar 'yar ƙofa ga wanda aka nuna masa a fili cewa an yafe sharaɗin har ya dogara da hakan, amma ƙofar ƙunci gare ta, alkawarin baki shi kaɗai ba ya shigar da mutum.

A nan ne na fito da makamin da na zo da shi. Manhajar gwajin a kan sabarmu take, wato kwamfutarmu da suke shiga manhajar ta cikinta, sun riga sun fara zuba bayanansu a ciki, kashi na biyu na kuɗin kuma rabinsa kawai suka biya. Na ce zan kashe sabar, in ajiye aiki, sai sun cika kuɗina sun kuma yarda da ƙarin. Ta cire tabarau ta dube ni.

"In ka yi haka, ka gama yi musu aikin lauyansu."

Daga baya na je na karanta shari'ar da ta ambata min a ranar, ta De Beers da Atos Origin, wadda kotun fasaha da gine-gine ta Ingila ta yanke a ƙarshen 2010. De Beers, kamfanin lu'ulu'un nan, ya ba Atos, wani kamfanin gina manhaja, kwangilar manhajar lura da zirga-zirgar duwatsunsa a 2007. Da aiki ya yi nisa sai ya bayyana cewa harkar tantance lu'ulu'u ta fi yadda Atos ya zata sarƙaƙiya nesa ba kusa ba. Aiki ya makara, De Beers ya riƙe wani kashi na kuɗi, Atos ya ce sai an sake zama a kan farashi, ya ajiye aiki a 2008. Alƙali ya yarda cewa akwai ƙarin aikin da Atos ya cancanci a biya shi, ya kuma yarda cewa De Beers ma yana da nasa laifin. Duk da haka ya ce ajiye aikin da Atos ya yi shi ne watsi da kwangilar baki ɗaya, aka ƙare Atos ne mai biyan diyya. Kamfani mai lauyoyi rututu ke nan. Ni da nake da lauya ɗaya, ita ma sai da na yi tunanin kuɗin ganinta, na mayar da makamina kube.

Wani abu a cikin wannan shari'a ya fi komai zauna min a rai, domin shi ne ainihin inda gizo ke saƙa a sana'armu. An bambanta canji ta fuskar faɗi da canji ta fuskar zurfi. Faɗi shi ne a kawo sabon abu da ba ya cikin takarda sam. Zurfi kuwa, abin yana cikin takarda, layi ɗaya ne ma, sai da aka shiga gininsa aka ga ramin ya fi yadda aka zata. Na faɗi, mai aiki ne ya kamata ya biya. Na zurfi, a kwangilar da aka yanke farashi tun farko, yawanci a wuyan mai ginawa yake, domin shi ya ce ya fahimci aikin har ya yanke masa kuɗi.

Barista ta ba ni aikin gida: in jera gyare-gyaren nan 23, kowanne da ranarsa da wanda ya nema da inda shaidarsa take, in raba su gida-gida ba tare da son kai ba. Kwana biyu na yi ina wannan, kuma ban ji daɗin abin da na gani ba.

Aiki ba tare da intanet ba, wannan sabo ne fil, babu kalma ɗaya a takarda da ta yi kama da shi. Amincewar shugaba daga waya, sabo ne. Irin waɗannan na ƙirga 9. Amma katan da dozin fa? Takarda ta ce manhaja za ta rubuta shigar kaya da fitarsu. Kaya kuwa a katan suke shiga tun kafin a san za a yi wata manhaja. Mai sito bai canza komai ba, yadda yake aikinsa ya nuna min. Lamba biyu ma haka. Da na yi awa ɗaya a cikin siton kafin in sa hannu, da na ga katan da idona, da na ga lambar da aka rubuta da maka a jikin kowane kwali. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, ni kuma ban shiga ɗakin ba, a ofishin manaja na tsaya ina tambayar yadda rufin yake. Irin waɗannan na ƙirga 10, kuma duk nawa ne. Sauran 4, har da maganar sito uku, suna tsaka-tsaki. Ni zan ce kalmar a tilo take. Su za su ce duk wanda ya duba takardar kamfaninsu mai ɗauke da adireshi uku a ƙasa ya san ba sito ɗaya gare su ba. Na duba takardar. Adireshin uku na nan, a kan ita kanta wasiƙar da suka ba mu aikin.

Mako 16 ɗin ma, in za a bi gaskiya, daga ina na samo shi? Manaja ya ce suna so kafin ƙarshen zangon lissafinsu, na ƙirga makonnin da suka rage, na ce za mu iya. Ban zauna na auna aikin ba. Akwai shari'ar da ke sa ni zufa duk sanda na tuna wannan, ta BSkyB da EDS, ita ma a Ingila a 2010. Kwangilar manhajar kula da abokan ciniki ce ta kusan fam miliyan 48, kamfanin talabijin BSkyB ne ya ba da aikin, EDS kuma mai ginawa. Kariyar EDS ita ce wadda kowannenmu ke rerawa: mai aiki bai san abin da yake so ba, kullum buƙatu na ƙaruwa. Amma kotu ta gano cewa wani babban jami'in EDS ya ba da tabbacin lokacin gamawa kamar an yi nazari, alhali ba a yi ba, ta kuma kira hakan yaudara. Wannan ya rushe iyakar diyyar da ke cikin kwangilar, aka ƙare da sulhu a kan fam miliyan 318. Ni ban yi niyyar yaudarar kowa ba, kuma alkawarina bai kai ya tsaya kusa da wancan ba. Sai dai na daina faɗin adadin makonni a zaman farko tun daga lokacin.

Kada mai karatu ya ɗauka su kamfanin wankakku ne. Da na bi takarda layi-layi sai na samo inda suka karya da gaske, kuma ba a inda nake ta nunawa da yatsa ba ne. Sashe na 6 ya ce za su ba mu cikakken jerin kayansu cikin mako 2. A mako na 9 ya iso, fayil ɗin Excel mai layi sama da 4,000, abu ɗaya an rubuta shi sau uku da haruffa daban-daban, wasu layukan babu lamba. Sashen ya kuma ce za su naɗa mutum ɗaya da zai riƙa yanke magana. Ba su naɗa ba, shi ya sa mutum huɗu ke ba ni umarni, wani lokaci na akanta ya ci karo da na mai sito. Ga rabin kashi na biyu da suka riƙe ba tare da wani sashe ya ba su dama ba. Barista ta ce wannan shi ne abin riƙewa. Akwai tsohuwar ƙa'ida a dokar Ingila, ana jingina ta ga wata shari'ar gini ta 1838, Holme da Guppy, cewa wanda ya jawo jinkiri da hannunsa ba zai juyo ya kama ɗan kwangila da laifin wannan jinkirin ba. Mako 7 na makarar jerin kaya ya fi duk saƙonnin muryar da na tara nauyi a ma'auni.

Akwai kuma iyaka ga shi kansa roƙon. Idan yarjejeniya ta ba mai aiki ikon ba da umarnin canji, kamar yadda ake yi a manyan kwangiloli, ikon ba ya nufin ya mayar da aikin wani abu daban. A kwangilolin gwamnatin tarayyar Amurka akwai sashen da ya ba jami'in gwamnati damar umartar canji shi kaɗai, a daidaita kuɗi daga baya, amma cikin da'irar aikin da aka ƙulla. In canjin ya yi girman da aikin ya tashi daga kamanninsa, kotunansu na ɗaukarsa karya kwangila daga ɓangaren gwamnati. Wato ka ba ni aikin manhajar sito, ka yi ta ƙari har ta zama manhajar albashi da ta haraji, sannan ka ce dole in yi a ƙarƙashin tsohuwar takarda. A nan kam canji ya zama karya yarjejeniya. Namu bai kai can ba, ko da yake maganar aiki ba intanet ta leƙa.

Yanzu ga abin da na ɓoye wa Barista sai a zama na biyu. Ni ma na canza buƙatu, ban kuma gaya wa kowa ba. Abu na 38 ya ce manhajar za ta yi aiki a kan kwamfutocin da kamfanin ke da su. Biyu daga cikinsu, na ƙananan sito, Windows 7 ke kansu. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, Chrome ma ya tsaya a siga ta 109 a kansa a farkon 2023. A tsakiyar aiki muka sabunta wasu kayan da muke gina fuskar manhaja da su, don sun fi sauri sun fi tsaro. Mai gwajinmu ce ta zo ta tsaya a kaina wata safiya ta ce, "Ka san shafin karɓar kaya fari fat yake buɗewa a tsohuwar kwamfutar nan?" Abin da na ce mata shi ne ai sai su sayi sabuwa, wa ke amfani da Windows 7 yanzu. Na ma rubuta a takardar miƙa aiki cewa manhajar na buƙatar Windows 10 zuwa sama, kamar dama haka aka yi.

Barista ta ce a duk tarin takardun nan, wannan ne canjin buƙatu guda ɗaya da ya zama karya yarjejeniya kai tsaye. Su sun roƙa na amsa. Ni ban roƙa ba, zartarwa na yi. Dalilina na fasaha mai kyau ne, har gobe ina ganin bai dace a riƙa shigar da lissafin kamfani a kwamfutar da ba ta samun gyaran tsaro ba. Amma hanyarsa ita ce in rubuta musu in ce ga haɗarin, ga abin da nake ba da shawara, ku sa hannu. Na tuna wani abu da na taɓa gani a Majalla, kundin dokokin mu'amala na Daular Usmaniyya da aka tattara tsakanin 1869 da 1876, a babin istisna'i, wato cinikin abin da za a ƙera maka. In an ƙulla, babu mai janyewa shi kaɗai, amma in abin da aka ƙera bai zo daidai da siffar da aka faɗa ba, wanda ya ba da aiki yana da zaɓin ya karɓa ko ya ƙi. Masu ƙera jirgin ruwa da takalmi aka yi wa dokar, ga ta ta kama mai manhaja.

Wasu abokan sana'a in na ba su wannan labari sai su ce laifin tsarin ne, da mun bi salon Agile, wato gina manhaja kaɗan-kaɗan ana gyarawa a hanya, da ba a yi haka ba. Na san zancen. A Fabrairun 2001 mutum 17 suka taru a Snowbird ta jihar Utah suka fitar da sanarwar da ta fifita karɓar canji a kan bin tsararren shiri, ta ce a yi maraba da sababbin buƙatu ko da aiki ya yi nisa. Na yarda da su a kan abu ɗaya: mutum ba ya sanin manhajar da yake so sai ya ga wadda ba ya so. Gani ya kori ji. Manajan nan bai ɓoye min sito uku da gangan ba, a wurinsa abin ya fi ƙarfin a faɗa, kamar ka ce wa mutum gidanka na da ƙofa. Hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ita ma da duk ƙarfinta ta yi watsi da manhajar Virtual Case File a 2005 bayan kashe kusan dala miliyan 170, kuma buƙatun da ba su tsaya wuri ɗaya ba na cikin manyan dalilan. Sai dai maraba da canji na tafiya ne da kwangilar da ake biyan lokaci, ko wadda ake biya zango-zango. Ka yanke farashi ɗaya da wa'adi ɗaya, sannan ka ce kana maraba da canji, to daga aljihunka kake marabar. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, ni kuwa na bar kuɗi da wa'adi a kan tsohon kiɗa.

Ba mu je kotu ba. Barista ta rubuta amsa mai shafi ɗaya, babu zafi a ciki ko kaɗan, ta liƙa jadawalin nan nawa na gyara 23 da ranar da jerin kaya ya iso. Bayan mako guda muka zauna, mu da manaja da lauyoyin biyu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne manajan bai san gyaran sun kai haka ba. Nasa guda 6 kawai ya sani, bai san akanta da mai sito da shugaba kowa na turo nasa ta bayan fage ba. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Malam, me ya sa ba ka taɓa ce min a'a ba?" Ban da amsar da zan iya faɗa a gaban lauyoyi. Tsoro nake kada a ce mun cika tsada ko mun cika ƙorafi, a hana mu aiki na gaba.

Aka rubuta ƙarin yarjejeniya mai shafi 2. Sun cika rabin da suka riƙe, sun biya 5 daga cikin sababbi 9. Aiki ba intanet aka ɗage shi zuwa wata kwangila daban, sauran ukun aka yafe su. Sito uku muka raba asarar biyu. Goman nan na zurfi na haɗiye su. Shafin karɓar kaya na koma na gyara shi ya buɗe a Windows 7 da kuɗina, su kuma suka sa hannu cewa an gaya musu haɗarin. Aka ƙara mana mako 6, aka naɗa manaja shi kaɗai mai yanke magana. Da na yi lissafi daga baya, kusan mako 7 na aikin mutum uku ya tafi ba a biya ba.

Wata biyu da miƙa aiki, mai kula da babban sito ya kira ni. Mun saba sosai a lokacin gwaji, mutumin kirki ne, shi ya koya min bambancin lambobin nan biyu da haƙuri. Bayan gaisuwa ya ce, "Injiniya, ɗan ƙaramin abu ne. Kayan da aka dawo da su saboda lahani, da za a sa musu wani maɓalli daban, kada su koma cikin lissafin masu kyau."

Shawara ce mai kyau ƙwarai, har na fara ganin yadda zan gina ta tun yana magana. Na ji kalmomin nan biyu sun taso sun zo bakina. Na ce masa, "Baba, zan turo takarda yanzu, a kai wa manaja ya sa hannu." Na cike ta: abin da ake so, kwana 4 na aiki, kuɗinsa, da rahotanni biyu da zai shafa. Na tura a imel kafin azahar.

Takardar ba ta dawo ba har yau. Da na leƙa siton kwanakin baya don wani gyara, na ga ƙaramin littafi mai jan bango a gefen kwamfutarsa, an rubuta "masu lahani" a jiki da maka. Ya ga ina kallo, ya ɗauke shi ya saka a aljihun tebur.